Yadda Injin Ɗab'i da Kyamara Suka Sauya Matsayin Marubuci a Birtaniya

Wata ɗaliba mai nazarin adabin Ingilishi ta aiko da tambaya tana cewa: "Malam, ana yawan faɗa mana cewa ƙirƙiro hoto da yawaitar ɗab'i ne suka haifar da marubucin zamani a Birtaniya. Ta yaya na'ura za ta sauya marubuci, alhali shi da alƙalaminsa yake aiki?"

Malama, tambayarki tana kan hanya, kuma amsarta a taƙaice ita ce na'urorin nan biyu ba wuri ɗaya suka taɓa marubuci ba. Injin ɗab'i cikin rubutun kansa ya shiga, ya yanka masa tsawo, ya sa masa ranar fitowa, ya kuma zaɓa masa masu karatu. Ita kuwa kyamara jikin marubucin ta kama, ta mayar da fuskarsa hajar da ake saye da sayarwa, da yardarsa ko babu. Akwai kuma abin da ya kamata ki riƙe tun daga farko, domin a nan mutane da yawa suke yin kuskure: kusan shekara 50 bayan bayyanar hoto a 1839, masu ɗab'i ba su da hanya mai araha ta buga hoto da rubutu tare a shafi ɗaya da inji ɗaya. Kowannensu hanyarsa ya bi, sai a shekarun 1890 suka haɗu sosai.

Mu fara da ɗab'i tunda shi ne babba a shekaru. Ranar 29 ga Nuwamba 1814 jaridar The Times ta Landan ta fito daga injin tururi wanda wani Bajamushe mai suna Friedrich Koenig ya ƙera, inji mai buga takarda kusan 1,100 a awa ɗaya, a lokacin da mutum biyu masu jan injin hannu da ƙyar suke wuce 250. A wannan zamani ne kuma aka fara yin takarda da inji a doguwar shimfiɗa maimakon ɗebo ta falle-falle da hannu, aka kuma ƙware wajen zuba dalma a ɗauki kwafin shafi sukutum, yadda za a iya sake buga littafi ba sai an sake jera haruffa ba. Amma inji shi kaɗai bai isa ya karya farashi ba, saboda gwamnati ta ɗora haraji a kan kowace jarida, da kowace talla, da ita kanta takardar. Harajin jarida ya sauko daga kwabo 4 zuwa kwabo 1 a 1836, aka soke na talla a 1853, na jarida a 1855, na takarda a 1861. Daga nan ne mujallun kwabo da na sisi da na sule suka cika kasuwa, ga jirgin ƙasa yana kai su lungu da saƙo, ga teburan sayar da littattafai na W. H. Smith a tashoshin jirgi tun daga 1848.

Duk da wannan, sabon ƙagaggen labari a siffar littafi bai yi araha ba. Al'ada ita ce a buga shi mujalladi uku a kan sule 31 da sisi, kuɗin da ya fi abin da yawancin ma'aikata suke samu a mako. Saboda haka mutane haya suke yi, kuma babban mai bayar da hayar shi ne Charles Edward Mudie, wanda ya fara a 1842, yana karɓar fam ɗaya da sule ɗaya a shekara, ya riƙa ba mutum mujalladi ɗaya a lokaci guda. Wanda ya san shagunan hayar littattafan Hausa a Kano, inda labari ɗaya yake zuwa na ɗaya da na biyu da na uku, ya riga ya gane lissafin: labari ɗaya yana hannun mutum uku a rana ɗaya. Tunda Mudie yana sayen ɗaruruwan kwafi a tashi ɗaya, kamfanonin ɗab'i sai sun yi tunanin ko zai karɓa kafin su amshi rubutu, shi kuwa mutum ne mai tsantseni wanda ba ya ajiye abin da yake ganin bai dace uba ya karanta a gaban iyalinsa ba. Ta haka mai hayar littattafai ya zama mai wuƙa da nama a kan tsawon labari da kuma abin da za a iya faɗa a cikinsa. Marubucin da labarinsa ya ƙare a mujalladi biyu dole ya ja shi ya cika uku, kuma duk wanda ya karanta littattafan wancan zamani da yawa ya san inda ake jin wannan jan, musamman a tsakiyar mujalladi na biyu.

Hanyar da ta kauce wa wannan tsada ita ce fitar da labari kashi-kashi, kuma a nan ya kamata mu ɗan daɗe, domin labarin yadda abin ya faro yana nuna komai. A farkon 1836 kamfanin Chapman da Hall suna da wani fitaccen mai zane, Robert Seymour, wanda ya kawo shawarar jerin zane-zanen ban dariya a kan 'yan birni masu zuwa farauta da kamun kifi. Zanen shi ne hajar. Marubuci kawai ake nema wanda zai cike gurbin da ke tsakanin zane da zane, sai aka ɗauko wani matashin ɗan jarida mai shekara 24, Charles Dickens. Kashi na farko na Pickwick Papers ya fito da shafi 26 na rubutu da zane huɗu, kuma bai yi kasuwa ba. Kafin kashi na biyu ya fito Seymour ya kashe kansa. Aka sake tsari, rubutu ya koma shafi 32, zane ya koma biyu, aka ɗauko matashin mai zane Hablot Browne wanda yake bin abin da Dickens ya rubuta. Daga kashi na huɗu, inda wani bara mai kaifin baki, Sam Weller, ya shigo labarin, kasuwa ta buɗe, har kafin a kammala a 1837 ana sayar da kusan kwafi 40,000 na kowane kashi a kan sule ɗaya. Cikin shekara ɗaya da rabi matsayi ya juya: wanda aka ɗauko ya yi wa zane hidima ya zama shi ake yi wa zane.

Wannan tsari ya sauya yadda ake gina labari. Kowane kashi dole ya cika adadin shafukansa daidai, ba ƙari ba ragi, dole ya ƙare a inda mai karatu zai ƙagu ya ga na gaba, kuma dole kowane mutum a labarin ya zo da wata alama ta magana ko ta ɗabi'a wadda za a tuna bayan wata guda. Marubuci yana rubuta tsakiyar labari alhali jama'a sun riga sun karanta farkonsa, ba shi da damar komawa ya gyara, kuma alƙaluman ciniki suna iso masa kowane wata. Da cinikin Martin Chuzzlewit ya yi sanyi a 1843, Dickens ya ɗauki jarumin ya tura shi Amurka. Anthony Trollope, wanda ya shekara fiye da 30 yana aikin gidan waya, ya faɗa a tarihin rayuwarsa da aka buga a 1883 bayan mutuwarsa cewa yakan ajiye agogo a gabansa da asuba ya rubuta kalma 250 kowane minti 15, har ya jera kuɗin da kowane littafi ya kawo masa, jimla kusan fam 70,000. Wasu masu sharhi sun ga wannan a matsayin zubar da ƙimar adabi, amma a ganina shi ne ya fi kowa faɗin gaskiya game da sana'ar da duk suke ciki. Illar tsarin ta fi fitowa fili a wurin Thomas Hardy. Da mujallar The Graphic ta buga Tess of the d'Urbervilles a 1891, akwai wurin da saurayi yake ɗaukar 'yan mata masu tatsar nono a hannunsa ɗaya bayan ɗaya ya tsallakar da su ruwan da ya cika hanya. Edita ya ƙi, sai Hardy ya sa saurayin ya tura su a baro, ya ajiye ainihin rubutunsa har lokacin da littafin zai fito. Wato labari ɗaya ya zama yana da siffa biyu, ta mujalla da ta littafi, kuma marubuci ya koyi rubuta duka biyun.

Sai batun suna, wanda shi ne gadar da ta haɗa ɗab'i da hoto. A farkon ƙarnin ɓoye suna ba abin mamaki ba ne. Walter Scott ya fitar da Waverley a 1814 ba suna, bai amsa a bainar jama'a cewa shi ne marubucin ba sai 1827. Maƙalun manyan mujallu ba a sa musu hannu, muryar mujallar ce take magana. Ko a mujallar Dickens ta mako-mako, Household Words, wadda ta fara a 1850, sunansa ne kaɗai yake saman shafuka, sauran marubuta kuwa, har da irin su Elizabeth Gaskell, yawancin aikinsu ba suna ya fito, kuma yana gyara musu rubutu yadda yake so. Amma da masu karatu suka kai dubun dubata, suna ya zama alamar haja, kuma duk alamar da take kawo kuɗi sai an samu mai son sace ta. A 1848 wani mai ɗab'i ya riƙa nuna cewa Currer da Ellis da Acton Bell, sunayen aro da 'yan'uwa mata uku Charlotte da Emily da Anne Brontë suke rubutu da su, mutum ɗaya ne, don ya ci ribar farin jinin Jane Eyre, littafin Charlotte. Charlotte Brontë da ƙanwarta Anne suka shiga jirgin ƙasa na dare daga Yorkshire zuwa Landan, suka tsaya a gaban George Smith, mai kamfanin da ya buga littafin Charlotte, ta miƙa masa wasiƙar da shi da kansa ya rubuta wa Currer Bell. Ba su da wata hujja da ta wuce su kawo kansu. Shekara 11 bayan haka irin wannan ya samu Mary Ann Evans, mai rubutu da sunan George Eliot: jita-jita ta bazu cewa wani Joseph Liggins ne ya rubuta Adam Bede, shi kuma bai musa ba, har wasu suka fara tara masa kuɗi wai an cuce shi. Dole ta bari a san ko ita wace ce, duk da ta san abin da mutane za su ce game da zamanta da George Henry Lewes ba aure. Zuwa 1865, da aka kafa Fortnightly Review, sa hannu a maƙala ya zama manufar mujallar tun daga ranar farko. Jama'a sun fara neman mutum a bayan kowane rubutu, kuma a daidai wannan lokaci kyamara ta zo da abin da zai biya musu buƙata.

Hoto ya zo ta hanya biyu a 1839. Ta Louis Daguerre a Faransa tana kama sura a kan faifan jan ƙarfe mai rufin azurfa, sura mai kaifi ƙwarai, amma guda ɗaya tak, ba a iya wanke wata daga gare ta. Ta William Henry Fox Talbot a Ingila tana bayar da dodon hoto a kan takarda, inda fari yake fitowa baƙi, baƙi kuma fari, kuma daga shi ana iya wanke kwafi da yawa. Hanyar Talbot ce take da dangantaka da littafi. Tsakanin 1844 da 1846 ya fitar da The Pencil of Nature mai hotuna 24, kowanne an wanke shi da hasken rana an manna shi da hannu a shafinsa, kuma da yawansu sun koɗe cikin 'yan shekaru. Abin da ya fi shafar tambayarki shi ne littafinsa na 1845, Sun Pictures in Scotland, wanda hotuna ne na wuraren da suka danganci Walter Scott: gidansa na Abbotsford, da tafkin da ya yi wa waƙa, da kabarinsa, da hasumiyar tunawa da shi da ake kan ginawa a Edinburgh. Scott ya mutu tun 1832, kyamara ba ta riske shi ba, sai ta bi sawunsa. Ki lura cewa ɗaya daga cikin littattafan hoto na farko a duniya a kan marubuci yake, kuma ba rubutunsa aka nuna ba, inda ya zauna aka nuna.

Idan ana son hoto ya shiga jarida ko littafi mai araha, sai an ba masassaƙi ya kwaikwaye shi a kan katako da hannu. Zane-zanen talakawan Landan da ke cikin binciken Henry Mayhew na 1851, da yawansu an rubuta a ƙarƙashinsu cewa daga hoton Richard Beard aka ɗauko su, shi Beard ɗin da ya buɗe shagon ɗaukar hoto na farko a Landan a 1841. Abin da mai karatu yake gani aikin masassaƙi ne, amma ambaton hoto yana ba shi tabbacin cewa mutumin nan da gaske yake. Hoto ya fara aiki a matsayin shaida tun kafin a iya buga shi.

Ba a nan gizo yake saƙar ba. Abin da ya fitar da fuskar marubuci kasuwa shi ne ƙaramin hoton kati. A 1851 Frederick Scott Archer ya bayyana hanyar ɗaukar hoto a kan gilashi, wadda ta haɗa kaifin hanyar Daguerre da yawan kwafin hanyar Talbot, kuma bai nemi a biya shi ba. A 1854 wani Bafaranshe, Disdéri, ya yi rajistar dabarar ɗaukar ƙananan hotuna da yawa a kan gilashi ɗaya, a wanke su a takarda mai rufin farin ƙwai, a yanka, a manna a kati wanda bai kai tafin hannu ba. Da John Mayall ya fitar da irin waɗannan katuna na Sarauniya Biktoriya da iyalinta a 1860, abin ya zama ruwan dare. Shagunan sayar da takardu suka cika tagoginsu da katunan sarakuna da limaman coci da 'yan wasan kwaikwayo da marubuta, duk girmansu ɗaya, farashinsu wajen sule ɗaya, mutum ya saya ya kai gida ya saka a kundin hotuna kusa da na kawunsa da na gwaggonsa. Kafin wannan, mai karatu yana sanin fuskar marubuci ne ta zanen da ke gaban littafi, wanda mai zane ya gyara yadda ya ga dama, sau da yawa ma bayan marubucin ya mutu. Yanzu kuwa ga furfura, ga ƙyallen goshi, ga yanayin riga, kuma mutumin yana raye yana yawo a titi ana gane shi.

Dickens ya fahimci wannan da wuri. A 1858 Herbert Watkins ya ɗauke shi zaune a tebur da alƙalamin gashin tsuntsu a hannu, kansa a sunkuye kamar wanda aka riska yana tsakiyar aiki, alhali a shagon mai hoto yake. A shekarar ce kuma ya fara hawa dandamali yana karanta labaransa ana biya a shiga, kuma a shekarar ce ya rabu da matarsa har ya buga sanarwa a The Times da mujallarsa yana kare kansa daga tsegumi. Abubuwan nan uku tushensu ɗaya: mutumin da jama'a suka sayi rubutunsa da fuskarsa da muryarsa sun fara ganin suna da haƙƙin sanin abin da ke cikin gidansa, kuma shi ma ya amsa cewa suna da shi, tunda ya yi musu bayani.

Alfred Tennyson, mawaƙin fada tun 1850, ya fi shan wahalar abin. Gidansa na Farringford a tsibirin Wight ya zama wurin ziyara, baƙi suna laɓewa a shinge suna jiran ya fito, har a ƙarshen shekarun 1860 ya gina wani gida a keɓe, Aldworth, inda yake guje wa masu yawon bazara. Amma maƙwabciyarsa a tsibirin ita ce Julia Margaret Cameron, wadda aka ba kyautar kyamara a ƙarshen 1863 tana da shekara 48, kuma ita ce ta ba mu fuskar da har yau muke ɗauka ta manyan masanan wancan zamani. Takan zaunar da mutum na tsawon mintuna ba motsi, ta lulluɓe shi da baƙin mayafi don kada tufafin zamani su fito, ta kawo kyamara dab da fuska, ta bar hoton da ɗan dishi-dishi da gangan. Haka ta yi wa Tennyson da Thomas Carlyle da Charles Darwin, kowannensu ya fito daga duhu da gemu kamar wani waliyyi. Wani hotonsa na 1865 Tennyson da kansa ya yi masa laƙabi da ƙazamin mai zuhudu, amma shi ya fi so. Ba na ganin waɗannan hotuna a matsayin kishiyar katunan sule, domin Cameron ma sayarwa take yi, ta kuma yi rajistar ɗaruruwan hotunanta don kare haƙƙinta. Kasuwa ɗaya ce mai rumfa biyu, ɗaya tana sayar da marubuci a matsayin maƙwabci, ɗaya tana sayar da shi a matsayin mai ilhama.

Game da abin da ake yawan faɗa, cewa hoto ne ya koya wa marubuta siffanta rayuwa yadda take, ina ganin an yi ƙari. Dickens ya riga ya siffanta titunan Landan dalla-dalla tun kafin 1839, kuma da George Eliot ta tashi kare rubutu a kan talakawa a cikin Adam Bede, masu zanen ƙasar Holan ta kafa hujja da su. Masu sharhi na lokacin idan suka ce rubutu kamar hoto yake, sau da yawa suka ce, wato ya kwashe komai ba zaɓi. Inda hoto ya shiga adabi da gaske shi ne cikin labaran kansu, kuma kusan kullum a matsayin abin da ba a amince da shi ba. A wani littafin Hardy na 1881, A Laodicean, mugu yana murɗa hoton jarumi ya nuna shi kamar mashayi. Labarin Sherlock Holmes na farko a mujallar Strand a 1891 gaba ɗayansa neman wani hoto ne da zai iya rusa auren sarki. Wanda ya fi kusa da batunmu shi ne gajeren labarin Hardy na 1894, An Imaginative Woman, inda matar aure ta kama haya a ɗakin wani mawaƙi da ba ya nan, ta sami hotonsa a ɓoye a bayan wani hoto, ta kamu da sonsa ta hanyar waƙoƙinsa da wannan hoto, ba ta taɓa ganinsa ba har ya mutu. Hardy ya san sarai irin mai karatun da ɗab'i da kyamara suka haifa, kuma yana jin tsoronsa yana tausaya masa.

Doka ma sai da ta sake duba ma'anar mai aiki. Dokar haƙƙin mallaka ta 1842, wadda Wordsworth da Carlyle da Dickens suka goyi bayan fafutukar samar da ita, ta ba marubuci shekara 42 daga bugu ko tsawon ransa da ƙarin shekara 7, duk wanda ya fi tsawo. A 1862 aka shigar da hoto cikin kariya, nan take tambaya ta taso: idan rana ce ta yi zanen, wane ne mai aikin? A 1883 kotun ɗaukaka ƙara a Ingila, a shari'ar wani hoton 'yan wasan kurket na Ostareliya, ta ce masu kamfanin da suka tura ma'aikaci ya ɗauka ba su ne masu aikin ba, mai aiki shi ne wanda ya tsaya ya tsara abin da aka ɗauka. A 1884 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke irin wannan hukunci a kan hoton marubuci. Napoleon Sarony ya ɗauki Oscar Wilde a New York a 1882, wani kamfani ya kwafi hoton sau 85,000 ba izini, kotu ta ce Sarony ne mai aikin domin shi ya zaɓi zama da tufafi da labule da haske da yanayin fuska. Wilde, wanda ya je Amurka da ƙaramin littafin waƙa ɗaya kacal da kuma shigar da ta yi masa suna, a wannan shari'a shi ne kayan aikin, ba shi da ko kwabo a cikin hukuncin. A shekarar 1884 ɗin kuma Walter Besant ya kafa ƙungiyar marubuta ta Birtaniya, Tennyson ne shugabanta na farko, kuma dillalan adabi irin su A. P. Watt sun fara shiga tsakanin marubuci da kamfani suna karɓar la'ada.

A shekarun 1890 hanyoyin biyu suka haɗu. Dabarar fasa hoto zuwa ƙananan ɗigo-ɗigo a kan faifan ƙarfe ta ba da damar buga shi tare da haruffa a inji ɗaya. Yaran da suka shiga makaranta bayan dokar ilimi ta 1870 sun girma, takardar ɓawon itace ta yi araha, George Newnes ya fito da Strand a kan sisi da burin sa hoto ko zane a kowane shafi. A ciki akwai hirarraki da shahararru a gidajensu, da hoton teburin rubutu da ɗakin karatu, da jerin hotunan mutum tun yana yaro har ya tsufa. A 1894 Mudie da W. H. Smith suka sanar cewa ba za su ƙara biyan fiye da sule 4 a kan mujalladi ba, cikin shekara uku littafi mai mujalladi uku ya kusa ɓacewa, littafi guda na sule 6 ya maye gurbinsa. Daga nan marubuci ya huta da jan labari, amma tunda yanzu mai karatu saye yake yi da kuɗinsa, sai an tallata masa littafin, kuma abin talla mafi sauƙi shi ne marubucin kansa.

Mata ne suka fi shan wahalar wannan sauyi, domin gemu da furfura da suke ƙara wa namiji kwarjini a hoto ba su da takwara a wurin mace, ita kyau da ƙuruciya ake dubawa. George Eliot ta guje wa kyamara kusan duk rayuwarta. Marie Corelli, wadda littattafanta suke cikin mafiya ciniki a Birtaniya a farkon ƙarni na 20, ta daɗe tana hana a buga hotonta. A 1906 wani mai shago a Stratford, garin da take zaune, ya fitar da katunan waya masu zanen wata mace da aka ce ita ce, a cikin al'amuran rayuwa da aka ƙaga mata. Ta kai ƙara tana neman a hana sayar da su, kotu ta ƙi, domin dokar Ingila ta kare kalmomin da ta rubuta amma ba ta ba ta iko a kan kamanninta ba. A cikin shekarar ta sa hotonta, wanda ta amince da shi, a gaban sabon littafinta, bayan mai hoto ya goge mata alamun shekaru ya rage mata ƙugu.